Haɗa manhajar kasuwanci da ta lissafi: me yasa aikin ya wuce danna maɓalli ɗaya

Kwanakin nan maganar da masu sana'a ke yawan ji daga bakin akantocinsu itace a daina kawo takardu da hoton rasit, a haɗa manhajar ciniki da ta lissafi kawai. Shi kuma mai sana'ar sai ya buɗe manhajar da yake sayar da kaya da ita, yaga maɓallin fitar da bayanai, ya danna, fayil ya sauko, ya tura, a zatonsa magana ta ƙare kenan. Bayan kwana biyu akanta ya bugo waya yace cinikin watan ya ninka, ko haraji bai daidaita ba, ko kuma manhajar lissafin taƙi karɓar rabin layukan. Daga nan sai a hau zargin manhaja, alhali sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, dan ita manhajar abinda aka ce ta ɗauka shi ta ɗauka, matsalar babu wanda ya zauna tun farko ya tsara inda kowane abu zai sauka.

Wai me ake nufi da kalmomin nan

Manhajar kasuwanci itace duk wadda ake gudanar da aikin yau da kullum da ita: na'urar karɓar kuɗi a kan kanta, shagon intanet irin su Shopify, manhajar fitar da inbois (takardar neman biyan kuɗin kaya ko aiki), ta lura da kayan sito, ta biyan albashi, ta otal ko asibiti. Ita abinda ta sani shine wa ya sayi me, yaushe, nawa. Manhajar lissafi kuma, irin su QuickBooks, Xero, Sage, Tally, Zoho Books, ko DATEV da akantocin Jamus suka fi aiki da ita, ita bata damu da kalar rigar da aka saya ba, tambayarta ɗaya ce, wannan kuɗin daga wane asusu ya fito kuma wane asusu ya shiga.

Dalili kuwa kusan duk manhajojin lissafi akan tsari ɗaya aka gina su, wato rubuta kowace harka a ɓangare biyu, debit da kiredit, kuma dole jimillar ɓangarorin biyu ta zo daidai. Tsarin tsoho ne, ɗan ƙasar Italiya Luca Pacioli ya bayyana shi a rubuce tun 1494 a birnin Benis, kuma har yau shine ƙashin bayan aikin. To fitar da bayanai shine a ɗebo abinda manhajar farko ta sani a saka shi a siffar da ta biyun zata gane, shigarwa kuma shine ita ta biyun ta karɓa ta rubuta a littafinta. Tsakanin biyun akwai fassara, dan yarensu ba ɗaya bane, kuma wannan fassarar ce asalin aikin.

Sai jerin asusu, wato jadawalin duk gurabun da kamfani ke zuba lissafinsa: ciniki, harajin da aka karɓa, bashin da ake bin kwastomomi, bashin da masu kawo kaya ke bin kamfani, banki, cajin banki, kayan sito da sauransu, yawanci kowanne da lambarsa.

Me ya jawo aka matsa akan abin yanzu

Da dai abin zaɓi ne, wanda ya ga dama ya haɗa, wanda bai ga dama ba a ɗauki ma'aikaci ya dinga sake bugawa da hannu. Abinda ya sauya shine hukumomin haraji na ƙasashe da dama sun daina yarda da lissafin da aka taƙaita a takarda, suna so suga asalin bayanan a siffar da kwamfuta zata iya karantawa. Ƙungiyar OECD, ta haɗin gwiwar ƙasashe akan tattalin arziki, ta fitar da tsarin fayil na binciken haraji mai suna SAF-T a 2005, Fotugal ta fara aiki da shi a 2008, wasu ƙasashen Turai suka biyo baya kowacce da nata salon. Faransa tun 2014 ta wajabta wa kamfanonin da ke lissafi da kwamfuta su iya miƙa fayil ɗin da ake kira FEC idan masu bincike suka zo, mai ɗauke da kowane rubutu na littafin lissafi a gurabu 18 da doka ta jera. Italiya daga Janairun 2019 tace duk inbois tsakanin kamfanoni sai ya bi ta tsarin hukumar haraji. Saudiyya ta fara nata inbois ɗin na'ura a Disamban 2021, daga Janairun 2023 kuma ta fara haɗa manhajojin kamfanoni da tsarin hukumar rukuni rukuni. Jamus daga Janairun 2025 dole kamfani ya iya karɓar inbois na na'ura, kuma a wurinsu ba a ɗaukar PDF zalla a matsayin inbois na na'ura.

Na Birtaniya shine yafi taɓa maganarmu kai tsaye. Sun fara tsarin miƙa lissafin VAT, wato harajin da ake ɗorawa akan kayan da aka sayar, ta manhaja a Afrilun 2019, daga Afrilun 2021 kuma suka tsaurara sharaɗin cewa idan bayanai zasu tashi daga wata manhaja zuwa wata, dole ya zama ta hanyar na'ura, ba mutum ya kwafa ya liƙa ko ya sake bugawa da hannu ba. Abinda mutane da yawa basu lura da shi ba shine fitar da fayil na CSV, wato fayil ɗin jadawali na rubutu zalla, a shigar da shi a ɗaya manhajar yana cikin hanyoyin da suka amince da su. Kenan dokar bata ce sai an sayi haɗi mai tsada ba, abinda take gudu shine hannun mutum a tsakiyar lambobi.

Ko a inda babu irin wannan dokar ma, yawan ciniki ta kati da ta intanet ya sa bugawa da hannu ya zama aikin da baya ƙarewa.

Masaukin kowane abu, a nan gizo ke saƙa

Kafin a taɓa kowane fayil, ana buƙatar jadawali guda, ko a takarda ne, wanda ke cewa wannan abin na manhajar ciniki ga masaukinsa a jerin asusu. Da jin sa kamar abu ne mai sauƙi, ciniki ya tafi asusun ciniki mana. Amma da ka buɗe rahoton rana ɗaya zaka ga ba ciniki ne kaɗai a ciki ba. Akwai ragin da aka yi wa kwastoma, akwai kayan da aka dawo da su, akwai kuɗin kai kaya, akwai kafin alƙalami da wani ya bayar akan kayan da ba a kai masa ba tukuna, akwai katin kyauta da aka sayar, akwai wanda ya ɗauka bashi, akwai wanda ya biya rabi da tsabar kuɗi rabi da kati, kuma kowanne a cikinsu hukuncinsa daban a lissafi.

Ɗauki katin kyauta da kafin alƙalami. A idon na'urar kanta kuɗi ne ya shigo, amma a ƙa'idar lissafi ba ciniki bane tukuna, nauyi ne akan kamfani har sai an bada kayan. Idan aka kai su asusun ciniki ranar da aka karɓi kuɗin, sannan ranar da mai katin yazo ya ɗauki kaya aka sake rubuta ciniki, to an ƙirga abu ɗaya sau biyu, ribar da ke takarda ta fi ta gaskiya, kuma mai yiwuwa a biya haraji akan abinda babu shi. Haka harajin da aka karɓa daga kwastoma, shima ba na kamfani bane, amana ce ta hukuma, dole ya samu nasa asusun daban.

Maganar haraji ma tanada nata jadawalin. Manhajar ciniki zata iya kiran wani rukuni da wani suna, manhajar lissafi kuma tanada nata lambobin haraji, sai an haɗa kowanne da ɗan uwansa. Inda aka fi yin tuntuɓe shine kayan da harajinsu sifili ne da kayan da aka keɓe daga haraji baki ɗaya. Dukansu kwastoma baya biyan komai akai, dan haka a rasit iri ɗaya suke, amma a tsarin VAT ba ɗaya bane, dan mai sayar da na farko yawanci yana iya neman a dawo masa da harajin da ya biya wurin sayen kayan aiki, na biyun kuma yawanci baya iyawa. Sai kuma tambayar ko farashin da ke cikin fayil ya haɗa da haraji ko bai haɗa ba. Idan ya haɗa amma aka gaya wa manhajar lissafi bai haɗa ba, zata ɗora wani harajin a kai, kowane layi ya kumbura.

Akwai kuma ƙaramin bambancin da ke cin lokacin mutane fiye da girmansa, na cike ɗigon lamba. Misali kaya uku kowanne 1.05, haraji kashi 10 cikin ɗari. Idan aka lissafa layi layi, harajin kowanne 0.105 ne, a cike shi ya koma 0.11, uku su bada 0.33. Idan kuma aka tara kuɗin tukuna, 3.15, harajinsa 0.315, ya koma 0.32. Babu wadda tayi kuskure a cikin manhajojin biyu, hanya ce kawai ta bambanta, amma inbois zai dinga nuna saura 0.01 ba a biya ba, a inbois dubu kuwa abin ya zama ciwon kai. Maganinsa shine a tura adadin harajin da ainihin inbois ya nuna a hana manhajar lissafi sake lissafawa, ko a buɗe ɗan asusu na musamman da zai dinga shanye wannan bambancin.

Sannan dole a yanke wace manhaja ce uwar kowane bayani. Sunan kwastoma a ina ake ƙirƙirarsa, lambar inbois wa ke bayarwa, adadin kayan sito na wa za a yarda da shi. Idan duka biyun suna ƙirƙira, ba a daɗewa zaka ga kwastoma ɗaya ya zama mutum uku saboda bambancin rubutun suna, bashinsa yana kan ɗaya, biyan da yayi yana kan wani. Shi yasa haɗawa da lamba ta dindindin yafi haɗawa da suna. Wannan duk hukuncin akanta ne da mai kamfani, shi masanin kwamfuta aikinsa ya aiwatar, kuma a mafi yawan haɗin da ya lalace idan ka bi diddigi zaka tarar an bar wa mai kwamfuta ne ya yi hasashen masaukin da kansa.

Abinda ya faɗo banki ba shine ciniki ba

Wannan ɓangaren ya cancanci a tsaya akansa dan shine ke jawo ninkin cinikin da aka ambata a farko. Kamfanonin da ke karɓar kuɗin kati ko na intanet, irin su Stripe da PayPal da makamantansu, yawanci ba duka kuɗin suke turowa ba, suna cire cajinsu da kuɗin da aka mayar wa kwastomomi, su tara cinikin kwana ɗaya ko fiye su turo a dunƙule bayan wasu kwanaki. A misali, an yi cinikin 100,000, haraji 10,000, kwastomomi sun biya 110,000 da kati, kamfanin katin ya cire 2,200 ya turo 107,800. Wanda ya ɗauki 107,800 ɗin a matsayin ciniki ya yi kuskure uku a lokaci guda, cinikinsa ba daidai ba, harajin ya ɓace a ciki, cajin kuma ba a ganinsa a matsayin kashe kuɗi. Wanda kuma ya shigo da ciniki daga manhajar kanta sannan ya sake yi wa kuɗin banki alamar ciniki, shine wanda littafinsa zai nuna kusan ninki biyu.

Hanyar da akantoci ke bi itace buɗe asusun zango, wato asusun wucin gadi da kuɗi ke yada zango kafin ya isa banki. Fayil ɗin ciniki ya zuba 110,000 a zangon, ya raba 100,000 ga ciniki 10,000 ga haraji. Ranar da kuɗi ya faɗo, a cire 107,800 zuwa banki, 2,200 zuwa asusun caji, zango ya koma sifili. Amfaninsa babba shine ya zama ma'auni, duk lokacin da ya ƙi komawa sifili, in banda kuɗin kwanakin ƙarshe da ke kan hanya, to akwai abinda ya ɓace ko ya maimaitu. Yafi kyau kowace hanyar biya ta samu nata zangon, na kati daban, na tsabar kuɗi daban, na kowane kamfanin biya daban, dan idan aka gwamutsa su kuskuren wannan yana iya rufe na wancan.

Shi kansa fayil ɗin

CSV shine fayil ɗin da kusan kowace manhaja ke iya fitarwa, rubutu ne zalla, kowane layi harka ɗaya, gurabu kuma an raba su da waƙafi. An rubuta masa bayanin ƙa'ida a 2005 mai lamba RFC 4180, amma an daɗe ana amfani da shi kafin nan kuma kowa da yadda yake yin nasa. A ƙasashen da ke rubuta ɗigon lamba da waƙafi, kamar Jamus da Faransa, galibi da waƙafi mai ɗigo ake raba gurabun, sai kaga fayil ya buɗe duk bayanan sun cunkushe a gurbi ɗaya. Idan kuma lamba tazo da waƙafin dubbai kamar 1,250 ba tare da an killace ta da alamar zance ba, sai ta rabe gida biyu, duk gurabun da ke bayanta su gusa.

Kwanan wata shine mafi haɗari dan baya ƙara. 03/04/2025 a Amurka 4 ga Maris ne, a mafi yawan sauran duniya 3 ga Afrilu. Idan saitin ya saɓa, ranakun da suka wuce 12 manhaja zata ƙi su dan babu wata na 13, wannan da sauƙi an gani, amma na 1 zuwa 12 sai su juye shiru su faɗa wani watan, su tafi da harajinsu. Tsarin ISO 8601, shekara sannan wata sannan rana, kamar 2025-04-03, shine baya rikicewa, idan duka manhajojin suna karɓarsa babu dalilin zaɓar wani. Kusa da wannan akwai maganar agogo, manhajar intanet da yawa suna ajiye lokaci da agogon UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya ba na ƙasar da aka yi cinikin ba, dan haka cinikin daren ƙarshen wata zai iya tsallakawa sabon wata ko ya koma baya.

Sai ɗabi'ar buɗe fayil da Excel dan a ɗan duba kafin a tura. Dubawa ba laifi, adanawa bayan dubawar ce matsala. Excel yana cire sifilin da ke gaban lamba, lambar asusu 00450 ta koma 450. Baya riƙe fiye da lambobi 15, duk abinda ya biyo baya sifili yake mayar da shi, kenan doguwar lambar shaidar biya ta lalace kuma bata gyaruwa. Yana kuma mayar da duk abinda yayi kama da kwanan wata zuwa kwanan wata. Ga kuma iyakar layi, tsohon tsarin XLS layi 65,536 kawai yake ɗauka, sabon kuma 1,048,576. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu da korona basu shiga alƙaluman da aka fitar ba, saboda ana zuba fayilolin CSV na ɗakunan gwaji a cikin tsohon tsarin, da ya cika sai sauran layukan suka zube ba tare da wani gargaɗi ba. Ba lissafin kuɗi bane, amma irin wannan zubewar ce dai ke faruwa da fayil ɗin ciniki.

Haruffa ma suna lalacewa. Idan ba da UTF-8, tsarin adana rubutu mai ɗaukar haruffan harsuna daban daban, aka adana fayil ɗin ba, sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ, ko na Larabci, ko na Faransanci masu alama a ka, sai su koma alamar tambaya da tarkace, manhajar ta ɗauka sabon kwastoma ne.

Fayil, haɗin kai tsaye, ko ɗan tsakiya

A nan ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare yanada hujja. Masu goyon bayan fayil suna cewa yana da araha, baya buƙatar mai rubuta manhaja, kuma mutum yana ganin abinda zai shiga littafinsa kafin ya shiga, sannan fayil ɗin kansa ya zama shaidar da za a ajiye. Rauninsa shine ya dogara da mutum, a manta mako guda, ko a shigar da fayil ɗaya sau biyu, ko a zaɓi kwanakin da suka hau kan na baya.

Masu son haɗin kai tsaye, wato API, ƙofar da manhaja ke buɗe wa wata manhajar su yi magana ba tare da mutum ba, suna cewa lissafi yana zama na yau ba na watan jiya ba, kuma babu hannun da zai taɓa lamba. Gaskiya ne. Amma saurin da yake kai daidai da shi yake kai kuskure, masauki ɗaya da aka saita ba daidai ba zai iya cika littafi da rubutu dubbai kafin wani ya lura. Izinin haɗin kuma yana ƙarewa ko ya katse idan aka sauya kalmar sirri ko wanda ya bada izinin ya bar aiki, haɗin ya tsaya shiru, kowa na zaton yana tafiya. Kamfanonin manhaja suna sa iyaka akan yawan kiran da za a yi a minti ko a rana, kuma suna sauya tsarin ƙofar lokaci lokaci, dan haka wanda aka gina masa nasa haɗin na musamman ya sani ba aikin yi sau ɗaya bane, sai da mai kula.

Na uku sune 'yan tsakiya, irin su Zapier da Make masu haɗa kusan kowace manhaja da wata, da irin su A2X da aka gina musamman dan ɗauko lissafin shagunan intanet zuwa manhajar akanta. Suna rage wahala, amma akwai kuɗin wata wata, kuma bayanan kamfani sun ƙara bi ta hannun wani. Akwai kuma masu cewa a huta da duk wannan a koma manhaja guda mai yin komai, kamar Odoo ko SAP, inda ciniki da sito da lissafi ke wuri ɗaya. Hakan yana kawar da fitarwa da shigarwa, sai dai baya kawar da jadawalin masauki, a ciki ma sai an saita shi, kuma ƙaura zuwa irin wannan babban aiki ne.

Idan aka auna, yawan ciniki da samuwar mai kula su ne ke yanke hukunci. Kamfanin da ke fitar da inbois kaɗan a wata fayil ya ishe shi, wanda ke ciniki ɗaruruwa a rana ta hanyoyin biya da yawa zai sha wahala da shi. Abu ɗaya da yawancin masu aikin suka fi karkata akai shine bayanai su tafi ɓangare ɗaya, daga ciniki zuwa lissafi, in banda labarin an biya da zai iya dawowa, dan haɗi mai kai da kawo yafi saurin haifar da maimaici.

A dunƙule ko dalla dalla

Wata muhawarar kuma itace ko kowane rasit zai shiga manhajar lissafi, ko jimillar rana kawai. Masu cewa dalla dalla suna so mai bincike ya iya bin kowace lamba har asalinta a wuri ɗaya. Masu cewa a dunƙule suna cewa manhajar lissafi ba rumbun rasit bace, dubban ƙananan rubutu suna sa ta nauyi kuma su sa daidaitawa da banki ya yi wuya, tunda shi banki a dunƙule kuɗin ke zuwar masa. A aikace an fi raba abin biyu, cinikin kanta da aka biya nan take ya tafi a jimillar rana an ware shi bisa rukunin haraji da hanyar biya, cinikin bashi kuma ya tafi inbois inbois dan a san wa ake bi nawa. Sharaɗin dunƙulewa shine bayanan dalla dalla su zauna lafiya a manhajar ciniki na tsawon shekarun da dokar ƙasar ta ce a ajiye, kuma wanda zai daina biyan kuɗin wata manhaja ya kwashe tarihinsa kafin a rufe masa.

Wa abin zai shafa

Ga mai ƙaramin kamfani, idan haɗin ya tafi daidai zai san ribarsa da bashin da yake bi ba sai ƙarshen shekara ba, kuɗin da yake biyan akanta kuma ya koma na duba da shawara maimakon na bugawa. Idan bai tafi daidai ba, shi doka zata kama, dan hukumar haraji bata karɓar uzurin cewa manhaja ce ta yi, mai kamfani ke da alhakin abinda aka miƙa da sunansa.

Ga ma'aikacin da aikinsa shine shigar da bayanai, aikin bugawa zai ragu da gaske, abinda zai saura masa shine bin layukan da aka ƙi karɓa da daidaita asusun zango, wanda ke buƙatar fahimtar lissafi fiye da saurin yatsu. Mai karɓar kuɗi a kanta shima nauyinsa ya ƙaru, idan ya danna tsabar kuɗi alhali da kati aka biya, kuskuren yanzu kai tsaye yake wucewa littafi babu mai tace shi a hanya.

Kwastoma ma bai tsira ba. Idan biyansa ya sauka akan sunan da ba nasa ba, shi za a dinga aika wa saƙon neman bashin da ya riga ya biya. Ga kuma sirri, fayil ɗin ciniki yakan ɗauko lambar waya da adireshi, na albashi kuma ya ɗauko abinda kowane ma'aikaci ke samu, sai a dinga yawo da su a imel da WhatsApp. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, da ta fara aiki a Mayun 2018, da irinta a wasu ƙasashe, sun tanadi kar a ɗebi bayanin mutum fiye da buƙata. Littafin lissafi yawanci jimillar albashi da haraji da fansho yake buƙata, ba sai da sunan kowa da nasa adadin ba.

Ranar farawa da abinda ke biyo baya

A zaɓi ranar farawa guda, yafi kyau farkon wata, a rubuta ta, duk abinda ya gabace ta ya tsaya a tsohuwar hanya. A fara gwaji da kwafin kamfani na gwaji idan manhajar tana bayarwa, ko da bayanan kwana ɗaya bayan an ajiye kwafin littafin, kuma a zaɓi ranar da ke da rikici, mai ragi da dawo da kaya da biya kashi biyu, dan rana mai sauƙi bata nuna komai. Bayan shigarwa a gwada abu uku, yawan layuka, jimillar kuɗi, jimillar haraji, na manhajar ciniki da na manhajar lissafi su zo ɗaya. Kowace harka ta tafi da lambarta ta asali dan manhajar ta iya ƙin karɓar maimaici, kuma mai bincike ya iya komawa tushe.

Sai a yanke abinda za a yi da gyaran baya. Idan an riga an tura inbois sannan wani ya gyara ko ya goge shi a manhajar ciniki, littattafan biyu sun rabu kenan. Hanyar da ta fi tsafta itace a kulle watan da aka gama a duka ɓangarorin, duk gyara ya zo a matsayin sabuwar takardar ragi mai kwanan watan da aka yi ta. Haka duk ranar da aka ƙara sabon rukunin kaya, sabon reshe, sabuwar hanyar biya, ko hukuma ta sauya adadin haraji, jadawalin masauki na buƙatar sabon layi, in ba haka ba wasu manhajojin su ƙi karɓa, wasu kuma su jefa abin a asusun jiran gyara, inda ake ajiye abinda ba a san masaukinsa ba, ko wani asusu na gaba ɗaya su wuce. Dan haka a cikin kamfanin a samu mutum guda da aka ambaci sunansa, wanda duk ƙarshen wata zai buɗe asusun jiran gyara da asusun zango da jerin layukan da aka ƙi karɓa kafin a kulle watan.